Tambaya: wai har zaki ma yana kamuwa da tarin shanu?

Ɗan Mayanka:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka karanci harkar dabbobi ku taimaka. Ni mahauci ne a nan Kumasi, kwanaki muka yanka wani sa da aka kawo daga arewa, jiki sumul ba rama ba komai, amma da aka fito da huhun sai ga wasu ƙulle-ƙulle fari-fari, in ka tsaga cikinsu kamar busasshen wagashi, wuƙa har tana ƙaras-ƙaras. Likita ya ce tarin fuka ne, ya riƙe kayan cikin gaba ɗaya. Muna hira yake cewa har zakuna cutar take kashewa a dawa. Toh zaki kiwo yake da shanu ne? Ta ina ta same shi?

Malamin Asawase:
Wa alaikumus salam ƙanena. Likitan bai maka ƙarya ba. Ƙwayar sunanta Mycobacterium bovis, 'yar uwar wadda ke kama mutane ce. Inda aka fi bin sawunta shi ne gandun dajin Kruger a Afirka ta Kudu, a 1990 aka fara ganinta jikin ɓauna a can, kuma masana sun ce daga shanun da ke kudancin gandun ta shiga tun wajen 1950 zuwa 1960, kaga ta daɗe tana cin garke ba wanda ya sani. Ɓauna ita ce matattarar abin, garke ɗaya sai ya kai ɗaruruwa, a cunkushe suke kwana, mashaya ɗaya, wannan ta yi tari waccan ta shaƙa, kuma mai cutar ba ta mutuwa da wuri sai ta yi shekaru tana yawo tana rabawa. Shi kuma zaki wacce ta rame ta kasa gudu ita yake fara kayarwa, wani lokacin ma bakinta yake cafkewa ya toshe mata numfashi, fuska da fuska kenan, daga baya a cinye huhun. Kura da damisa su samu nasu rabon a nama da mushe, gogo da gadu ma an same su da ita, har karkanda.

Maman Aboabo:
Innalillahi. Malam ni abin da ya dame ni burkina (haɗin gero da nono) da fura da nonon da yarana ke sha kullum, mutum yana ɗauka ta nan?

Malamin Asawase:
Yana ɗauka Hajiya, ɗanyar madarar saniya mai cutar ce babbar hanya, sau da yawa ma kaluluwar wuya take fara kumburawa yara. In an tafasa madarar kafin a yi kindirmo ƙwayar ta mutu, ki tambayi mai kawo miki.

Jikan Sarkin Fawa:
Ni dai kar a mayar da laifin kan namun daji kawai, shanu ne suka fara kai musu ai, yanzu abin ya zama kai-kawo. A Zambiya ma haka ne a fadamar Kafue, shanu da wasu dangin mariya ciyawa ɗaya ruwa ɗaya. Rana tana kashe ƙwayar da sauri amma a inuwa cikin laka da kashi tana yin makonni, shi yasa rani ya fi ban tsoro lokacin da kowa ke taruwa a ɗan ruwan da ya rage. Wanda ya taɓa zuwa gandun dajin Mole a arewacin Ghana ya ga yadda giwa da mariya da gadu ke layi a tabki ɗaya zai gane me nake nufi.

Ɗan Mayanka:
Allah ya saka da alheri Malam. Toh ba allurar da ake yi wa sa mai cutar ya warke tun kafin a yanka? Kuɗi ne fa suka tafi.

Malamin Asawase:
Ba a yi wa shanu maganinta. Gwaji ake yi, a yi allura a fatar wuya a dawo bayan awa 72 a auna kumburin, wadda ya nuna a cire ta daga garken a yanka. Kai kuma ka dinga sa safar hannu in kana tsaga huhu, tana shiga ta yankan wuƙa.