Wa zai gaji Saban a Alabama? Ku amsa da baiti

Sarkin Giwa:
Salam jama'a. Labari ya tabbata, yau Laraba 10 ga Janairu 2024 Nick Saban, kocin ƙwallon Amurka na jami'ar Alabama da ke garin Tuscaloosa, ya tara yaransa ya ce musu ya ajiye aiki, yana da shekara 72. Ni dai bakina ya mutu sai waƙa, mai amsawa ya amsa da baiti yadda muka saba.

Dattijo yau ya sauka,
Ba kora ce ba, ba suka,
Tuscaloosa ana ta kuka,
Wa zai riƙe mana Alabama?

Kaka 17 yana kan aiki,
Kofin ƙasa 6 ya kawo ɗaki,
Da na jami'ar LSU 7 ke nan, ba mamaki,
Ya wuce Bryant tsohon kocinmu, ya hau sama.

Jojiya ta zo da gadara,
Wasa 29 ba asara,
A Disamba muka yi nasara,
Ashe da kofin yankin nan zai gama.

Uwar Biyu:
Yaya Sarki sannunmu da wannan rana. Yanzu na dawo daga bakin filin wasanmu na Bryant-Denny, mutum-mutumin Saban an kewaye shi da kwalaben Coca-Cola da biskit ɗin nan na Little Debbie da yake karyawa da shi kullum da safe, ɗalibai tsaye cikin sanyi wasu har da hawaye. Shugaban wasanni Greg Byrne ya roƙi 'yan wasa su ba shi awa 72 ya nemo koci.

Yaya share hawaye ka tashi,
Kujera ba ta kwana ba mai shi,
Lanning kocin Oregon a kira shi,
Matashi ne mai jini da himma.

A 2015 nan ya yi bauta,
Gaban dattijo ya yi makaranta,
Ya je Jojiya ya tsare bayanta,
Har ta ɗau kofi ta yi girma.

Baba Na Birmingham:
Hajiya baitinki ya yi daɗi, amma ku yara kuna saurin manta ɗan gida, Dabo Swinney kocin jami'ar Clemson.

Ɗan gida ya fi baƙo sanin hanya,
Dabo a jihar nan ya yi ƙuruciya,
Kofin 1992 da shi aka sha wuya,
Stallings na koci, aka yi fama.

Ya je Clemson ya gina gari,
Sau biyu a fainal ya sha mu da shiri,
44 da 16, kai wannan mari,
Har yau in na tuna sai na yi tsuma.

Wanda ya iya kayar da kai,
Shi zai iya ɗaga maka kai,
A kira shi ya dawo gida kawai,
Jininsa ja ne irin na Alabama.

Ɗan Auta:
Baba Allah ya ja kwana, wallahi ba raini ba ne, amma ko ɗaliban da ke gaban mutum-mutumin ihu suke a kawo kowa ban da Dabo kuma ni ina bayansu, zamani ya juya yanzu yaro zai tattara kayansa ya koma wata jami'a ya buga wasa ba sai ya zauna shekara ba, ga kuɗin talla da sunansa da aka halatta tun 2021, shi kuwa Dabo ba ya son ɗauko yara daga kasuwar sauya sheƙa, to da wa zai cike gurbin waɗanda za su tafi?

Baba ka yi haƙuri da ni,
Dabo ya tsaya a wancan zamani,
Kasuwa ta ci, kowa na cinikin gwani,
Shi ko ya ƙi shiga, ya ƙi nema.

Ni Kiffin nake wa fata,
Jami'ar Ole Miss da hannunsa ya tashe ta,
Wasa 11 kakar nan ya ci mata,
Ba ta taɓa kai haka ba ko da can ma.

Uwar Biyu:
Haba Auta, Kiffin ɗin da yake mataimakin Saban aka sallame shi a Janairun 2017?

Auta tuna yadda aka rabu,
Saura mako fainal aka ce masa babu,
Da wuya manya su yarda a sake haɗu,
Byrne mai natsuwa yake nema.

Damisar Auburn:
Ni ba zan ɓoye muku ba maƙwabta, murna muke, daren nan an lulluɓe itatuwan Toomer's Corner na garinmu Auburn da farar takarda kamar mun ci wasa.

Shekara da shekaru muna shan wuya,
Yau makiyayin giwar Alabama ya juya baya,
Ku kawo kowa mu ga in zai iya,
Nuwamba na tafe, za mu rama.

Sarkin Giwa:
'Yar'uwa ai murnar taku ma shaida ce kan girman mutumin.

Nuwamban da ya wuce a gidanku,
Yadi 31, damar ƙarshe, a gabanku,
Milroe ya jefa, Bond ya cafe a kusurwarku,
Filinku Jordan-Hare ya yi tsit kamar an suma.

Ɗan Auta:
Kai jama'a!! tun jiya mutane ke bin sawun jiragen sama a intanet wai an ga Lanning ya sauka Tuscaloosa, ashe bawan Allah yana Eugene ko motsi bai yi ba, yau Alhamis ya saki bidiyo ya ce ba inda za shi. Hajiya sai haƙuri.

Uwar Biyu:
Zaɓina ya ƙi, to na haƙura,
Sai Sarkisian kocin Texas, ai shi ya tsara
Harin 2020, kaka ba asara,
Ya san gidan nan ƙasa da sama.

Satumba ya zo da Texas ɗinsa,
34 da 24 ya ci maigidansa,
A filinmu, gaban tsofaffin ɗalibansa,
Irin wannan ai shi ake nema.

Malam Lissafi:
Hajiya, Texas za ta shigo gasar SEC ta jami'o'in yankinmu bana da kuɗinta da komai, da wuya ya bar ta yanzu. Akwai wanda duk ba ku ambata ba, Kalen DeBoer na jami'ar Washington, wanda ya buga fainal ranar Litinin ɗin nan a Houston Michigan ta ci shi 34 da 13, ita dai Michigan ɗin da ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe na Rose Bowl 27 da 20. Ƙungiyar da ya tarar wasa 4 kacal ta ci a 2021, shi kuwa cikin kaka 2 ya ci 25 ya faɗi 3.

Kuna ta kiran Lanning gwani,
Sau 3 suka kara, ku duba ku gani,
Duka 3 DeBoer ya ci, ba wani,
Ya ci Sarkisian sau 2 shi ma.

Daga Sioux Falls ya faro,
Ƙaramar makaranta, ba kuɗi ba taro,
Kofi 3 ya ɗauka, nasa ne ba aro,
Ci 67, faɗuwa 3, ya gama.

Baba Na Birmingham:
Malam lissafinka daidai ne ban musa ba. Amma mutumin Dakota ta Kudu ne bai taɓa aiki a SEC ba, a nan kuwa rabin aikin koci a falon iyayen yara ake yinsa, a Jojiya da Louisiana da Florida da ƙauyukan Alabama, ka zauna ka ci abincin gidan ka saurari kaka ka saurari kawu sai uwa ta yarda da kai kafin ta ba ka ɗanta, Saban ya fi kowa iya wannan. Kuma ku masu kallon ƙwallon Ingila kun ga abin da ya sami Moyes da ya gaji Ferguson a 2013, ko kaka ɗaya bai cika ba. A nan ma an yi, Perkins ya gaji Bryant a 1983 ya yi kaka 4 ya tafi, ba a sake ganin kofin ƙasa ba sai 1992.

Duk wanda ya zo bayan gwarzo,
Ko ya ci 10 ba a ganin ƙwazo,
Ya faɗi 2 a ce wa ya ce ya zo,
Mu nake tsoro, mu 'yan Alabama.

Mun saba da kofi kamar gado,
Kaka ba kofi ba a ganin ta da ado,
Baƙo zai shigo ana masa hasashe da zato,
Kafin ya zauna an ce ya gama.

Malam Lissafi:
Baba wannan magana taka ita ce gaskiyar zancen, sai dai ka ba ni dama in ƙara ɗaya.

Baba Saban ɗin ma baƙo ne,
Ɗan West Virginia, asalinsa can ne,
A 2007 jami'ar Louisiana-Monroe ta ci mu a gida, haka ne,
Aka daure, 2009 muka hau sama.

Sarkin Giwa:
Barkanmu da Juma'a. Koci Norvell ya ce yana nan a jami'ar Florida State sun sabunta masa kwantiragi, Sarkisian ma ya ce Texas yake, kuma yanzu da yamman nan an tabbatar DeBoer ne sabon kocinmu.

Malam Lissafi ka ci gari,
Byrne ya cika alkawari da wuri,
Awa 72 ba ta cika ba an gama shiri,
Baƙo barka da zuwa Alabama.

Ba mu ce ka zama Saban ba,
Shi ma ba Bryant ya zama ba,
Zo da salonka, ba za mu ƙi ba,
Ni dai na miƙa hannu, na ba ka dama.

Uwar Biyu:
Alhamdulillahi an samu koci, amma ni hankalina bai kwanta ba tukuna, doka ta ba yaranmu kwana 30 duk mai son tafiya ya tafi tunda koci ya sauka, kuma Bond ya riga ya sa sunansa cikin masu son tafiya.

Koci ya samu, saura yara,
Ƙofa a buɗe, fita an fara,
Milroe ɗana ka tsaya ka saurara,
Ji ta bakinsa kafin ka yi azama.

Ɗan Auta:
Hajiya ni ɗan wasanmu Downs nake wa tsoro,
Shekarar farko ya zama jigon tsaro,
In ya fita manya za su yi masa taro,
Malam ce wa kocinka ya neme shi yau, kar ya kai gobe ma.