Maganin ruwa a jakar hannu, wace doka zan bi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Watan jiya na raka Hajiyarmu asibiti a Indiya, a jirgin sama muka tafi. Inda muka tashi, jami'an bincike sun ga maganinta na ruwa, kwalba mai mililita 200, suka bar mu. Inda muka yada zango kuwa aka ce ya haura mililita 100, aka jefa shi kwandon shara a gaban idonta. Ko buɗe shi ba a yi ba! Daren nan tari bai bar ta ta runtsa ba.

Na san ana sassauta wa magani wannan doka, amma me ake nunawa? Takardar likita ta isa, ko sai da sunanta manne jikin kwalbar? Don Allah wanda ya sani ya taimaka, mako uku ya rage mu koma.