Ƙanina ya nace sai karatun duwatsu, akwai abinci a ciki kuwa?

Abu Hafsa, Jidda:
Salam jama'a. Asalinmu Mai Wurno ne a Sudan, yaƙin nan ne ya sa ƙanina ya dawo wajena Jidda, ya gama sanawiyya (sakandare) yanzu wai shi jiyoloji zai karanta har daktora, kuma ba ɓangaren fetur ba, duwatsun da ke faɗowa daga sama yake so da waɗanda zafi da matsi suka rikiɗa a ƙarƙashin ƙasa. Baba kuma likita yake so. Dan Allah waɗanda suka san harkar ina ake dosa da wannan karatu?

Ɗan Gadarif:
Kai yaya bar yaro wlh. Ka manta 2008? Ran 7 ga Oktoba dutse ya fashe a saman saharar Nuba, kuma kafin ya iso an riga an hango shi daga Amurka, karo na farko kenan da aka taɓa haka. Dakta Muawia Shaddad na Jami'ar Khartum da Peter Jenniskens suka kwashi ɗalibai a Disamba, aka jera su layi suna takawa a hankali ido a ƙasa kusa da Mahaɗɗa Sitta, wato tashar jirgin ƙasa ta shida a layin dogon Wadi Halfa, aka yi ta komawa har suka tsinto gutsuttsura wajen 600, har ƙwayoyin daimon aka gani a ciki. Ɗalibai ne fa irin ƙaninka.

Malam Isa, Madina:
Ɗan Gadarif labarin gaskiya ne amma Shaddad ɗin malamin fiziks ne, kuma irin wannan sa'a ba kullum ba. Abu Hafsa ni shawarata ya fara da duwatsun ƙasa tukuna, don duwatsun Bahar Maliya na Sudan da yammacin Saudiya asalinsu guda ne kuma nan zinariya take, mahaƙar Mahd adh Dhahab nan kusa da mu, ta Hassai a can gida. Wanda ya iya karanta su kamfanin haƙa ba ya ƙin sa. Amma aikin na son haƙuri, dutse za ka yanka ka goge har ya koma 0.03 na milimita ka manna a gilashi ka wuni kan maikuroskop wuya na ciwo, sai majista (digiri na biyu), sai daktora, sai rubuce-rubuce kafin ƙarin girma. Karatun duwatsun sama kuwa manyan na'urorinsa galibi suna Turai da Amurka da Japan, sai da turanci mai kyau.

Ummu Khalid:
Ya nemi minha (tallafin karatu) a Jami'ar Sarki Abdul'aziz, suna da kulliyar ilimin ƙasa nan Jidda, tunda iƙama gare shi ta nan ƙofar take. In kun je Riyad ku kai shi gidan tarihi ya ga ƙarfen Wabar da ya faɗo daga sama aka ɗauko shi daga hamadar Rub'ul Khali, ya haura tan 2.

Abu Hafsa, Jidda:
Allah ya saka. Malam Isa zan so ka yi wa Baba wannan bayanin na zinariya da bakinka, shi ne kawai zai saurara. Yaushe kake da sarari bayan isha'i?