Da hannu yana tashi, a cron ya ƙi: ku kawo abin da kuka gani

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da sikirif da ke kwashe kwafin ma'ajiyar bayanai ta MySQL ƙarfe 2 na dare a saba mai Ubuntu. In na buga shi da hannuna, lafiya lau. Na saka shi a crontab, wato jadawalin cron, manhajar da ke tashin ayyuka da kanta a kan lokaci, na koma ina sharar barcina, sai jiya, bayan kwana tara, na leƙa inda kwafin ke sauka na tarar wayam. Wanda ya taɓa cin karo da haka ya taimaka.

Na Zariya: Wa alaikumus salam. Malam, fara duba PATH, wato jerin wuraren da na'ura ke neman umarni. Cron ba ya karanta .bashrc ɗinka, kuma galibi /usr/bin da /bin kaɗai ya sani. Ni abin da ya ci ni ke nan: sikirif ɗina na Python yana cikin virtualenv (keɓaɓɓen muhallin Python mai nasa kayan), cron kuwa ya je ya ɗauko python na tsarin, wanda ba shi da ko ɗaya daga kayan da na girka. Tun daga ranar nake rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni. Sannan ka ƙara >> /tmp/ajiya.log 2>&1 a ƙarshen layin don saƙonnin kuskure su sauka a fayil, ka daina lalube a duhu.

Malama mai koyar da kwamfuta: Ɗan'uwa, liƙo mana layin crontab ɗin mu gani. Ina zargin akwai alamar % a ciki. A crontab, % na nufin sabon layi, duk abin da ya biyo bayanta ba ya cikin umarnin. Ni date +%F ce ta hana ni sakat mako guda. Abin haushin, na zargi kamfanin da ke ba mu saba, har na rubuta musu takardar ƙorafi mai zafi, ashe laifin nawa ne. Buga grep CRON /var/log/syslog, za ka ga umarnin a gutsure daidai wurin alamar.

Ɗan Maraɗi: Nawa ya fi ban dariya. Na jefa fayil mai suna ajiya.sh a /etc/cron.daily. A Debian da Ubuntu, run-parts, mai tashin fayilolin da ke wurin, ba ya kula fayil mai ɗigo a sunansa, kuma ba zai ce maka uffan ba. Na cire .sh shi ke nan. Kar kuma a manta chmod +x, don fayil ya samu izinin tashi.

Tsohon hannu: Ku yara duk a gajimare kuke. Mu da sabarmu ke ƙarƙashin tebur a ofis, matsalarmu wuta ce. Maigadi kan kashe janareta ƙarfe 10 na dare, batirin inbata ya ja zuwa wajen ƙarfe 1 ya mutu. Ƙarfe 2 ta yi, na'ura a kashe, cron kuma ba ya rama aikin da lokacinsa ya wuce. Wata biyu muna haka, sai ranar da faifan ya lalace muka gane kwafinmu na ƙarshe tun kafin azumi ne. Ranar ban iya cin abinci ba. Yanzu anacron nake amfani da shi, da zarar an kunna zai biya bashin jiya. Masu systemd timer su sa Persistent=true, aikin ɗaya ne.

Na Zariya: Allah ya kyauta, Baba. Ƙari kaɗan: yawancin sabobin haya a kan agogon duniya na UTC suke, mu kuma Najeriya da Nijar muna gaba da awa 1. Ka sa ƙarfe 2, ya tashi ƙarfe 3 a agogonka, ka ɗauka bai tashi ba.

Mai tambaya: Malama, kin harbo shi! A syslog umarnin ya tsaya cak a date +, ƙasansa kuma ga "No MTA installed, discarding output", wato babu manhajar imel da zai turo saƙon kuskure da ita, kullum yana kuka ba mai jin sa. Na sa \ kafin %, na mayar da lokacin zuwa minti biyu masu zuwa don gwaji, ga fayil ya sauka. Na gode muku duka. Baba, anacron ɗin nan sai an girka shi daban ko yana zuwa da Ubuntu na saba?

Tsohon hannu: Buga apt install anacron, in yana nan zai faɗa maka.