Za a zuƙe wa Baba ruwa a gwiwa, amma yana shan warfarin

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar likita ko wanda ya san harkar.

Gwiwar Baba ta dama ta kumbura suntum, ba ta lanƙwasuwa, har sallah a kan kujera yake yi. Babu zazzaɓi. Mun gwada gashi da man zafi da farasitamol, kumburin ko gezau. Likitan ƙashi a wani asibiti nan Gombe ya ce ruwa ne ya taru. Za a kashe zafin wurin, a sa allura a zuƙe, a kai ɗakin gwaji a duba ko ƙwayar cuta ce ko wani abu daban. An ba mu ranar Talata.

Inda muka maƙale shi ne maganin tsinka jini. Baba yana shan warfarin saboda bugun zuciyarsa ba ya tafiya daidai. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce ya dakata da sha, kada jini ya taru a cikin gwiwar. Mai kemis ɗin unguwarmu a Pantami kuma ya ce kul, dakatarwa na iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Na koma asibitin, likitan yana tiyata, likitan zuciya kuwa sai bayan Talata zai zauna. Gaskiya bai dace a sallami dattijo haka ba tare da rubutaccen bayani ba.

Jiya mun yi gwajin INR, wato gwajin da ke auna yadda jini ya tsinke, ya nuna 2.6, kuma an ce tsakanin 2 da 3 ake so.

Da wannan sakamakon, Baba ya ci gaba da shan warfarin har ranar da za a zuƙe ruwan, ko ya dakata?