Ina neman sunan Hausa ga "saikodainamik saikoterafi"

Jama'ar Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago a nan Legas, musamman masu aikin asibiti da masu yi wa mutanenmu tafinta a gaban likita, ku kama mini. Akwai wata hanyar jinya da Turawa ke kira saikodainamik saikoterafi, ana yi wa yara da matasa da manya. Muna bukatar sunan da za a faɗa wa uwa ta gane, ba tare da gabanta ya faɗi ba.

Ga yadda aikin yake. Babu ƙwaya, babu allura. Mutum yakan zauna da ƙwararre guda, a ɗaki guda, a ranar da aka tsayar kowane mako, galibi minti 50, wata da watanni, wani sa'in har shekaru. Yana faɗin duk abin da ya zo masa a rai, har mafarkinsa. Asalin abin daga Sigmund Freud ne, likitan birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wanda ya rasu a Landan a 1939. Fahimtar masu wannan hanya ita ce akwai abubuwan da ke kwance can ƙasan zuciya, mai su ma bai san da zamansu ba, amma su ke juya shi: fushin da aka haɗiye tun yarinta, tsoron a tafi a bar shi, raɗaɗin maraici. Sai ka ga magidanci ya yi aure uku, duk sun mutu a kan abu iri ɗaya, shi kuwa yana cewa rashin sa'a ne. In zama ya yi nisa, yakan fara ɗaukar ƙwararren kamar mahaifinsa mai tsawa, yana jiran faɗan da ba za a yi masa ba. A nan ƙwararren ke nuna masa abin da yake maimaitawa, su bi shi tare har inda ya faro.

Yara kuwa ba sa iya wannan doguwar magana, shi ya sa ƙwararru biyu a jinyar yara, Melanie Klein da Anna Freud ('yar Sigmund Freud), suka shigo da wasa da zane cikin aikin. Ku ɗauki yaron da aka rabo da uwarsa daga Arewa aka kawo shi riƙo Legas, ya koma fitsarin kwance, ya daina magana. Ba zai ce yana kewar gida ba. Amma a ba shi 'yan tsana, sai ka ga kullum yana ɓoye ƙaramar a ƙarƙashin kujera.

To, wane suna? Wasu sun ce "maganin taɓin hankali ta hanyar magana". Ban yarda ba, kuma dalilina a nan garin yake. Asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba tun 1907 yake, kuma a Legas in ka ce an kai wane Yaba, kowa ya san abin da kake nufi. Uwar da ta ji "taɓin hankali" za ta ja hannun ɗanta ta fice, alhali yawancin masu zuwa wannan jinya lafiyayyu ne a kasuwa da makaranta, damuwa ce kawai ta ci musu rai. Hukuma kanta ta bar tsohon harshen: dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023 ita ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.

"Nasiha" da "ba da shawara" ma ba su dace ba, domin wannan ƙwararren ba ya cewa yi kaza, bar kaza. Sauraro ya fi yawa a aikinsa. "Jinyar zuciya" kuma za ta tura mutum layin masu hawan jini. Wata 'yar uwa ma'aikaciyar jinya ta kawo "tonon zuci". Akwai gaskiya a ciki, sai dai Bahaushe da ya ji "tono" tonon asiri zai tuna, ga shi kuwa duk aikin a kan riƙon sirri ya tsaya.

Abin da na tsaya a kai shi ne "jinyar bin salsala". Duk jinyar da ake yi da zantawa a kira ta "jinyar zantawa", wannan reshen kuma a bambanta shi da bin salsala, tunda akwai wasu hanyoyin da ke gyara tunani da ɗabi'ar yau ba tare da komawa baya ba. Dattawanmu sun saba cewa a bi salsalar magana kafin a yanke hukunci, don haka kalmar ba baƙuwa ba ce, kuma ba ta da abin kunya. Ta yara sai a ce "jinyar bin salsala ta hanyar wasa".

Saura mai yin aikin. "Mai jinya" a wurinmu ɗan uwan da ke kwana a gefen gado ne, "likita" kuma bai game su duka ba, don da yawansu masana halayyar ɗan Adam ne. Ni "ƙwararren bin salsala" nake cewa. Masu tafinta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) da asibitin Yaba, ku gwada shi a kan iyaye, ku faɗa mana abin da suka fahimta.