Neman shawara: tsohon injin milin na Bridgeport ya cancanci a saya a farfaɗo da shi don aikin gida?

Sani Kakuri ya rubuta:

Assalamu alaikum, iyayen gidanmu da abokan sana'a. Ina neman shawararku kan wani tsohon injin milin na sassaƙa ƙarfe, samfurin Bridgeport, wanda wani dillalin tsofaffin ƙarafa a nan Kaduna ya saya a gwanjon kayan wata masana'anta da ta daɗe a rufe. Farantin sunan da ke jikinsa ya nuna cewa kamfanin Adcock & Shipley ne ya ƙera shi a garin Lesta na Ingila. Kansa irin mai bel da fuli mai matakai ne, teburinsa kuma inci 9 ne a faɗi, inci 42 a tsawo. Tsatsa ta rufe saman teburin, fenti ya ɓaɓɓare, hannun juya tebur guda ɗaya ya karye, kuma babu wutar da za a tayar da shi a inda yake ajiye.

Ni ba masana'anta gare ni ba. Ɗan ɗakin aiki ne a gidana, inda nake ƙera ƙananan sassan injin ban ruwa da na injin niƙa bayan na taso daga aiki, kuma duk sanda nake buƙatar a yanka mini ramin ki a jikin shaf sai na kai Panteka na bi layi. Ina so in san abin da ya kamata in duba kafin in biya kuɗi, da yadda zan tayar da shi da wutar gida mai layi ɗaya, da kuma ko wajibi ne in wargaza shi gaba ɗaya kafin in fara aiki da shi. Dillalin ya ce idan ban ɗauka ba, masu narka ƙarfe zai sayar wa a kan sikeli, ni kuwa ba na son in ga injin irin wannan ya ƙare a tukunyar narki.

Injiniya Bala Fita ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Sani. Injin da ka gani ba na banza ba ne. Wasu mutum biyu 'yan asalin Suwidin, Rudolph Bannow da Magnus Wahlstrom, su suka fito da wannan tsari a 1938 a garin Bridgeport da ke jihar Konetikat ta Amurka, daga baya kuma, wajen 1960, Adcock & Shipley ya fara ƙera shi a Ingila da izinin masu shi. Amfanin wannan tarihi gare ka shi ne an ƙera su da yawa ƙwarai, kamfanonin Taiwan da Sin ma sun kwaikwaye shi, saboda haka har yau ana samun boris da bel da noti da kolet ɗinsa na R8, wato abin da ke riƙe wuƙar yanka a bakin injin, ba tare da wahala mai yawa ba.

Duk abin da ka lissafa, tsatsar sama da fenti da karyayyen hannu, babu wanda zai hana ka saye. Abin da zai yanke hukunci shi ne hanyoyin zamiya, wato wuraren da tebur da sirdinsa (abin da tebur ke zaune a kai) da gwiwar injin (wadda ke ɗauke da sirdin tana hawa da sauka) suke zamewa a kai. Moto ana sake naɗa masa waya, boris ana canzawa, amma ƙarfen zubin da ya cinye a kan hanyar zamiya ba ya dawowa sai da aikin kankara na hannu mai cin lokaci, ko kuma a kai shi inda ake da babban injin wasawa, wanda kuɗinsa kan zarce kuɗin injin kansa.

Ka je da kananzir da tsumma da ɗan mai da agogon awo mai ƙafar maganaɗisu, ko da aro za ka yi. Ka goge hanyoyin da ke saman gwiwa ka duba ko ana iya ganin zanen kankarar da aka yi musu tun daga masana'anta, mai kama da ɓawon kifi. Idan zanen yana nan a bakin-baki amma ya shafe a tsakiya, ka san an ci wurin. Idan har farcenka yana kama wani tudu a inda sirdi yake tsayawa, to cin ya yi nisa. Bayan haka ka kawo tebur tsakiya, ka ɗaure sukurun gib, wato siririn ƙarfen nan mai tsini da ke matse tebur da hanyarsa, har sai girgiza ta ɓace, sannan ka juya teburin zuwa ƙarshen dama da na hagu. Injin da ya ɗan tsufa zai yi nauyi kaɗan a ƙarshe. Wanda ya lalace kuwa zai cije tun bai kai ko'ina ba, domin shekara da shekaru a tsakiya kawai aka yi ta aiki.

Ka auna wasan da ke hannun juyawa, wato yadda hannun ke juyawa kafin tebur ya motsa, a wuri uku, tsakiya da ƙarshe biyu. Idan wasan daidai yake a ko'ina, notin tagulla ne ya ci, kuma ana iya matse shi ko a sauya. Idan ya fi yawa a tsakiya, doguwar sandar mai zare ce ta ci. Daga nan ka sa bakin agogon awo a cikin ramin sifindil, wato sandar da ke juya wuƙar yanka, ka juya da hannu a hankali. In allurar tana rawa fiye da kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita, ka sa kuɗin boris a lissafinka. A ƙarshe ka zagaya injin da tocila kana neman tsagewa ko tabon walda, musamman a gwiwa da wuyan da ke riƙe da kai da leɓen ramukan tebur. Ƙarfen zubin da ya tsage a irin waɗannan wurare, shawarata ka bar wa masu sikeli kayansu.

Umar Lantarki Sharaɗa ya amsa:

Na gaishe ka Injiniya, bayaninka ya gamsar. Ni zan taɓa batun wuta da na ɗauko injin, domin a nan ne mutane da yawa suke yin asara bayan sun riga sun biya.

Moton waɗannan injuna mai layi uku ne, kuma ban ba da shawarar a cire shi a sa mai layi ɗaya ba, saboda mazauninsa da shaf ɗinsa na musamman ne, sannan mai layi uku ya fi juyawa sumul. Hanya mafi sauƙi a yau ita ce na'urar VFD, wadda ke karɓar wutar gida ta bolt 230 ta fitar da layi uku na bolt 230. Sai dai ka fara karanta farantin moton. Na Ingila galibi an haɗa su ne don bolt 415, to idan farantin ya nuna 240 da 415, kuma akwai wayoyi shida a akwatinsa, sauya haɗin wayoyin kawai za a yi daga sita (haɗin bolt 415) zuwa delta (haɗin bolt 240). Idan wayoyi uku kaɗai suka fito, sai ka kai wa ƙwararren mai naɗin moto ya buɗe ya fito da mahaɗar cikin. Ka sa a gwada lafiyar rufin wayoyin da na'urar mega kafin a ba shi wuta, tunda ya daɗe a ajiye cikin danshi. Kada kuma ka bar tsohon makunnin gaba da baya tsakanin VFD da moto, domin yanke layin yayin da moto ke gudu yana iya ƙona na'urar. A mayar da makunnin ya riƙa ba VFD umarni ta ƙananan wayoyinta. Ka kafa wayar ƙasa ta gaskiya, kuma ka sani cewa idan wutar unguwarku tana yawan yin ƙasa, na'urar za ta riƙa tsayawa da kanta a tsakiyar aiki.

Game da ɗaukowa, nauyinsa ya kusa tan ɗaya, tsayinsa ya ɗan haura mita 2, kuma nauyin a sama yake, shi ya sa yake saurin kifewa. A sauke gwiwa har ƙasa, a matso da tebur kusa da jikin injin a kulle, a juya kan ya koma ƙasa a tallafe shi da katako a kan tebur. Kada a yarda 'yan dako su ɗaura igiya a tebur ko a hannayen juyawa. A ƙasa kuma a gangara shi a kan bututun ƙarfe, ana turawa kaɗan-kaɗan da ƙarfen ɗagawa, babu wanda zai tsaya a gefen da zai iya faɗowa. Ka auna ƙofar ɗakinka tun kafin mota ta taso, ka kuma tabbatar daɓen siminti mai kauri ne.

Malam Habu Makanike ya amsa:

Ni tambayarka ta uku ce ta fi damuna, Malam Sani, domin na ga injuna masu kyau da aka kwance su ƙusa-ƙusa da niyyar gyara, sha'awa ta ƙare, suka zama tarin ƙarfe a buhuna. Ra'ayina shi ne kada ka wargaza shi gaba ɗaya, kuma fenti ya zama abu na ƙarshe da za ka yi tunani a kai. Ka cire tebur da sirdi kawai, da taimakon mutane da benci mai ƙarfi a gefe, domin teburin kaɗai ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Ka ɗauki hoton kowane mataki, ka ware gib na kowace hanya da alama, kuma ka nemi sifanu da makullan awon inci tun da wuri, saboda yawancin ƙusoshinsa ba na milimita ba ne.

Dalilin cire teburin shi ne mai. Tsofaffin Bridgeport da yawa suna da 'yan kawuna a jiki masu kama da na zuba giris, alhali na mai ne, kuma kusan duk wanda ya biyo ta hannun mutane da dama za ka tarar an ɗura masa giris har ramukan sun toshe, ya daskare tare da garin ƙarfe. Sai ka wanke kowane rami da kananzir da siririyar waya har ka ga mai yana fitowa ta ɗaya bakin. Man da ya dace shi ne man hanyoyin zamiya mai kaurin ISO 68, irin su Mobil Vactra mai lamba 2, wanda yake manne wa ƙarfe ba ya tsiyayewa. Baƙin man mota da aka juye daga inji kada ya kusance shi.

Tsatsar tebur kuma a jiƙa ta da kananzir a kankare da reza a kwance, sannan a bi da soso mai laushi da mai. Giranda da samfefa mai kaushi suna sa ƙarfe ƙyalli, amma suna cinye daidaiton da saboda shi ka sayi injin. Ƙananan ramukan da tsatsa ta bari ba sa hana aiki. Idan za ka kankare tsohon fenti wata rana, ka jiƙa shi ka rufe hanci, ka kuma nisanta yara, domin fentin wancan zamani yakan ƙunshi dalma. Mu a nan arewa akwai ƙarin abu guda: ƙurar hunturu idan ta haɗu da mai a kan hanyar zamiya tana cin ƙarfe a hankali, saboda haka ka saba goge hanyoyin kafin aiki, ka sauya 'yan ƙyallayen shara da ke bakin sirdi, ka lulluɓe injin idan ka tashi.

Sani Kakuri ya sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Na koma na gwada yadda Injiniya ya ce. Babu tsagewa, sifindil lafiya lau, moton kuma wayoyi shida gare shi. Sai dai tebur yana nauyi sosai a wajen inci huɗu na ƙarshe ta kowane ɓangare, zanen kankara kuma ya shafe a tsakiyar gwiwa. Shin wannan ya isa in haƙura?

Injiniya Bala Fita ya amsa:

Bai isa ba, in dai aikinka ramin ki ne da ƙananan sassa, domin duk a tsakiyar tebur za ka yi su. Ka nuna wa dillalin cin da ka gani ya rage maka kuɗi. Bayan ka wanke ka sa mai, ka daidaita gib a inda kake aiki, ka daidaita kai da tebur da agogon awo ta gaba da baya da dama da hagu, ka riƙa kulle duk hanyar da ba ka juyawa yayin yanka. Matuƙar akwai wasa a sandar tebur, ka riƙa tura aiki yana fuskantar juyawar wuƙa, kada ya bi ta, don kada wuƙar ta fizgi teburin ta karye. Ragowar kuɗin da ka samu ka sa shi a bais mai kyau da saitin kolet, in hali ya yi daga baya ka ƙara ma'aunin dijital a kan tebur, wanda yake karanta inda teburin yake kai tsaye ba tare da la'akari da wasan hannu ba.